Hatsarin hanya ga ma'aikaci: nauyin wa ne?

Kowace safiya, tun rana ba ta ɗaga ba, titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sukan cika da ma'aikata masu gaggawar isa wurin aiki: wani bisa babur, wani bisa keke, wani a bayan ɗan kabu-kabu, wani kuwa a ƙasa. A wannan lokacin kuma direbobi da yaran mota, da wakilan kamfanoni, da ma'aikatan da aka tura rangadi suna bisa babbar hanya mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta ratsa Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram har Difa, ko kuma bisa hanyar Tawa zuwa Arlit. Dukansu aiki ne ya fitar da su daga gida. In tsautsayi ya faɗa wa ɗayansu kafin ya isa, ko bayan ya taso, tambayar da ke biyo bayan jaje ɗaya ce: wa zai biya magani, wa kuma zai riƙe iyali?

Iyayen gida da yawa sun ɗauka cewa nauyinsu daga ƙofar ma'aikata yake farawa, a nan kuma yake ƙarewa. Ma'aikata da yawa su ma haka suka ɗauka, shi ya sa in abin ya faru sai a ce ƙaddara ce, a karɓi abin da ubangida ya miƙo don tausayi, a yi godiya. Alhali kuwa fiye da shekara 60 ke nan doka ta riga ta yanke wannan magana a ƙasar nan: hanyar zuwa aiki da ta komawa gida, da tafiyar da aka tura mutum, duk cikin aiki suke.

Maganar ba ƙarama ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023 ya nuna cewa wajen mutum miliyan 1,19 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya cikin duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace asara, ko da yake ita ce ta fi ƙarancin motoci. Mafi yawan waɗanda abin ke shafa masu jini a jika ne, waɗanda gidaje suka dogara gare su.

Asalin dokar

A ƙarni na 19, can ƙasashen Turai, ma'aikacin da injin ya cinye wa hannu ba ya samun ko sisi sai ya tabbatar wa alƙali cewa ubangidansa ne ya yi laifi. Talaka kuwa ina ya ga ƙarfin yin shari'a da mai masana'anta? Jamus ce ta fara canza wannan tsari a 1884, lokacin Bismarck, da ta kafa inshorar dole ta hatsarin aiki. Faransa ta biyo baya da dokar 9 ga Afirilu 1898. Wannan doka wani irin sulhu ce tsakanin ɓangarori biyu. Ma'aikaci ya huta da neman shaidar laifi, tunda hatsarin ya auku ta dalilin aiki to akwai diyya. Shi kuma ubangida ya huta da shari'ar da ba a san iyakarta ba, domin an ƙayyade diyyar bisa ma'auni sananne. Hujjar ita ce, wanda ke cin ribar aiki shi ya kamata ya ɗauki kasadar da ke tattare da shi. Hausawa ma sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Da farko wannan kariya iyakarta cikin masana'anta. Da birane suka faɗaɗa, gidajen ma'aikata suka yi nisa da wurin aiki, sai aka lura cewa hanya ita ma tana cin rayuka. Jamus ta shigar da hatsarin hanyar aiki cikin dokarta a 1925, Faransa kuma ta yi haka da dokar 30 ga Oktoba 1946, wadda ta miƙa sha'anin gaba ɗaya ga asusun kare lafiyar jama'a.

A nan Afirka ta Yamma abin bai zo a ɓagas ba. Sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi yajin aiki na gama-gari ranar 3 ga Nuwamba 1952 kafin majalisar Faransa ta amince da dokar aiki ta ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinta, wadda aka zartar ranar 15 ga Disamba na wannan shekara. Dokar zartarwa ta 24 ga Fabrairu 1957 ce ta tsara diyyar hatsarin aiki da cututtukan sana'a. Bayan samun ƴancin kai, Nijar ta kafa nata asusu a 1965, wato CNSS, wanda ma'aikata suka fi sani da suna Kes, kuma dokar zartarwa mai lamba 65-117 ta 18 ga Agusta 1965 ta damƙa masa wannan aiki. A 1966 ƙasarmu ta sa hannu ga yarjejeniya mai lamba 102 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, har da sashen da ya shafi hatsarin aiki. Dokar aiki ta 25 ga Satumba 2012 ta sake jaddada wajibin ubangida na kiyaye rai da lafiyar ma'aikatansa.

Iri uku da doka ta sani

Dokar ƙasarmu ta lissafa hatsari iri uku a matsayin hatsarin aiki. Na farko shi ne wanda ya auku saboda aikin ko a sanadinsa, ko mene ne musabbabinsa: magini ya faɗo daga bene, makaniki ya ƙone, direba ya kife da motar da yake tuƙawa. Na biyu shi ne wanda ya sami ma'aikaci tsakanin gidansa da wurin aiki, zuwa ko dawowa, wanda takardun hukuma ke kira «accident de trajet», bisa sharaɗin cewa bai katse tafiyar ba, bai kuma ratse ba don wata buƙata ta kansa wadda ba ta da alaƙa da aikin. Na uku shi ne wanda ya auku cikin tafiyar da doka ta ɗora wa ubangida biyan kuɗinta, kamar tafiyar da ma'aikaci kan yi daga garinsu zuwa inda aka ɗauke shi aiki, ko komawarsa gida lokacin hutu ko bayan ƙarewar yarjejeniya.

Abin lura a nan shi ne, doka ba ta tambayi motar wa ce ba. Ko babur ɗin ma'aikaci ne na kansa, ko taksi ya shiga, ko da ƙafa yake tafiya mota ta kaɗe shi, hukuncin ɗaya ne. Haka kuma ƙaramin sakaci na ma'aikaci ba ya hana shi haƙƙinsa. Wanda ya jawo wa kansa rauni da gangan shi ne ba ya samun komai, wanda kuma ya aikata babban laifi marar uzuri ana iya rage masa diyya.

Inda gardama take

Kusan dukan saɓanin da ke tashi game da hatsarin hanya a kan kalmomi biyu yake: katsewa da ratsewa. A rubuce maganar a fili take, amma rayuwar yau da kullum ba ta tafiya a miƙe kamar layin takarda. Ma'aikaci yakan biya ya ajiye ƴaƴansa a makaranta kafin ya wuce. Ma'aikaciya takan tsaya ta yi cefane a kan hanyar komawa gida. Wani lokacin salla ya riske shi ya tsaya masallaci. Wani kuma ruwa ne ya yanke hanyar da ya saba bi, kamar yadda aka gani wurare da dama a daminar 2024, dole ya zagaya.

Zagayen da ruwa ko gyaran titi ya tilasta ba shi da wata gardama, tunda ba son ran ma'aikaci ba ne. Wanda kuwa ya taso aiki ya nufi wata unguwa biki, ko ya zauna hira wajen abokai har dare ya raba, sannan hatsari ya same shi, wannan ya fita daga inuwar doka. Tsakanin waɗannan biyu ne ake buƙatar awo. Faransa ta warware wani sashe na matsalar da ta rubuta cikin dokarta cewa tsayawa don muhimman buƙatun rayuwar yau da kullum ba ta zama ratsewa. Hankali ma haka ya nuna: ɗan tsayawa don salla, ko sayen abinci, ko ajiye yaro a makarantar da ke bisa hanya, bai kamata ya zama dalilin hana marayu haƙƙinsu ba. Abin da mai bincike zai duba shi ne lokacin da hatsarin ya auku, da wurin, da ko sun dace da sa'ar tashi aiki da hanyar da mutum ya saba bi.

Akwai kuma wata tambaya da ta shafi zamanmu na nan: ina ne gidan ma'aikaci? Magidanci mai mata biyu a unguwanni dabam-dabam gidansa biyu ne, kuma duk wanda ya kwana a ciki daga nan ya tashi zuwa aiki. Wani malami ko ma'aikacin kamfani yana zaune a ɗakin haya kusa da aiki, iyalinsa kuwa suna ƙauye, can yake zuwa kowane ƙarshen mako. Dokar Faransa ta amince da gida na biyu in dai zama ne tabbatacce, da kuma wurin da mutum ya saba zuwa saboda iyali. Maƙwabciyarmu Nijeriya, cikin dokarta ta diyyar ma'aikata ta 2010, ta ambaci babban gida da na biyu, da wurin cin abinci, da wurin karɓar albashi. Hikima ga ma'aikaci a nan ita ce ya sanar da ma'aikatarsa a rubuce duk gidajen da yake kwana, tun lafiya lau, don kada a zo ana musu ranar da ba ya iya magana.

Wanda aka tura

Sha'anin wanda aka tura tafiyar aiki ya fi na mai zuwa da dawowa ƙarfi, domin shi tun daga fitarsa har komowarsa bisa umurnin ubangida yake. Shi bai zaɓi garin ba, bai zaɓi ranar ba, sau da yawa bai zaɓi motar ba. Babbar kotun ɗaukaka ƙara ta Faransa ta yanke, ranar 19 ga Yuli 2001, cewa wanda aka tura yana cikin kariya duk tsawon tafiyar, ko yana cikin aikin ko yana cikin al'amuran rayuwa kamar barci da cin abinci a masauki, sai fa in ubangida ko asusu ya kawo shaidar cewa ya bar aikin ya shiga sabgar kansa. Hukuncin wata ƙasa ba ya ɗaure alƙalanmu, amma da yake dokokin biyu tushensu ɗaya, masana shari'a sukan dube shi.

Wannan batu ya ƙara nauyi tun daga 2023, lokacin da aka rufe iyakar ƙasarmu da Binin, manyan motocin kaya suka koma biyowa daga tashar jiragen ruwa ta Lome ta cikin Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja. Tafiyar da a da ake yi cikin kwanaki ta koma ta makwanni, ga kwana a daji, ga barazanar ƴan bindiga. Direban da aka harba, ko yaron motar da ya faɗo daga bisa kaya a wata ƙasa, aiki ne ya kai shi wurin. Ƙetare iyaka ba ya sauke nauyin wanda ya ɗora shi bisa hanya.

A nan ne takardar umurnin tafiya, wadda ma'aikata suka sani da «ordre de mission», take da muhimmanci. Wasu suna kallonta a matsayin takardar karɓar kuɗin guzuri kawai. Amfaninta ya wuce nan: ita ce shaidar cewa ranar kaza, a hanya kaza, mutum yana bakin aiki. Shugaban da ya tura direba ko ƙaramin ma'aikaci da baki kawai, ya ce takarda ta biyo baya, ya jefa shi cikin kasada biyu. Ma'aikatan gwamnati na dindindin suna da nasu tsari dabam, ƙarƙashin dokar aikin gwamnati, inda baitulmali ke ɗaukar nauyi. Amma direbobi, masu gadi da sauran ƙananan ma'aikata da hukumomi ke ɗauka bisa dokar aiki, su a Kes ake rubuta su, kuma su ne suka fi kowa zama bisa hanya.

Wa ke biya, kuma nawa?

Nauyin na ubangida ne, amma doka ta sauƙaƙa masa hanyar ɗaukarsa. Maimakon ya jira ranar masifa ya biya da yawa, sai ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan a Kes, kashi 1,75 cikin 100 na albashin kowane ma'aikaci. Wannan kaso daga aljihun ubangida kaɗai yake fita, ba a cire ko dala daga albashin ma'aikaci dominsa. In hatsari ya auku, Kes ce ke tsayawa a madadinsa.

Bari mu ɗauki misalin ma'aikaci mai albashin sefa 60.000 a wata, wato jika 60. Abin da ubangidansa zai zuba saboda hatsarin aiki shi ne sefa 1.050, jika ɗaya da dala goma ke nan a wata. In hatsari ya same shi a hanya, albashin ranar da abin ya faru ubangida ne ke biya cikakke. Kuɗin asibiti, da magani, da aikin tiyata, da ƙafar roba in ta kama, duk na Kes ne. Muddin yana kwance, ana ba shi rabin albashinsa na yini har kwana 28, wato sefa 1.000 kowace rana, daga rana ta 29 kuma kashi biyu cikin uku, wajen sefa 1.333, har ya warke ko likita ya tabbatar da nakasar da ta saura. Duk tsawon wannan lokaci yarjejeniyar aikinsa dakatar da ita aka yi, ba a warware ta ba.

In ya tashi da nakasa, likita ne ke auna ta. Ana raba awon gida biyu in bai wuce kashi 50 ba, abin da ya haura 50 kuwa ana ƙara masa rabinsa. Wanda aka auna wa nakasa kashi 30 zai riƙa karɓar kashi 15 na albashinsa na shekara, wato sefa 108.000 cikin 720.000. Wanda aka auna wa kashi 70 zai karɓi kashi 25 da kashi 30, jimla 55, wato sefa 396.000 a shekara. In kuwa rai ya yi halinsa, matar mamaci tana da kashi 30, in matan sun fi ɗaya su raba daidai. Ƴaƴa biyu na farko kowane kashi 15, na bayansu kashi 10 kowane, iyayen da yake ciyarwa su ma suna da rabo, amma jimla ba ta wuce kashi 85. Gida mai mace ɗaya da ƴaƴa uku zai sami kashi 70 ke nan, sefa 504.000 a shekara.

Kowa ya kwatanta wannan da buhun hatsi da ƴan jikkunan da akan kai gidan makoki ranar sadakar uku, ya san bambancin kyauta da haƙƙi. Kyauta rana ɗaya ce, haƙƙi kuwa yana biye da marayu har su girma. Kowa kuma ya kwatanta jika ɗaya da dala goma a wata da waɗannan kuɗaɗe, ya san cewa ubangidan da ke ƙin rubuta ma'aikatansa don tsimi bai iya lissafi ba.

Awa 48

Duk wannan tsari bisa takarda ɗaya yake tsaye, takardar sanar da hatsari. Doka ta ba ubangida awa 48 ya sanar da hukuma, wato Kes da sufeton aiki na yankinsa. Kafin nan wajibinsa ne ya ga an yi wa mai rauni taimakon gaggawa, an kai shi asibiti. Ba shi ne zai yanke ko hatsarin na aiki ne ko ba na aiki ba. In yana da shakka, sai ya sanar, ya rubuta shakkarsa, Kes ta yi bincike. In an ƙi yarda da hukuncinta, kotun aiki tana nan.

Hatsarin da ya auku cikin masana'anta yana da shaidu, na hanya kuwa sau da yawa ba wanda ya gani daga cikin abokan aiki. Saboda haka ma'aikaci ko iyalinsa su gaggauta sanar da ubangida a ranar, su nemi takardar binciken ƴan sanda ko jandarmomi, da takardar likitan da ya fara duba shi, su kuma riƙe sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu. Al'adar nan ta a sasanta a bakin titi, a ɗauke babur kafin hukuma ta zo, a wuce da mai karaya wurin maɗori ba tare da ganin likita ba, ita ce ke kashe haƙƙi tun a ranar farko. In ubangida ya ƙi sanarwa, doka ta ba mai rauni ko magadansa damar yi da kansu har cikin shekara 2. Wakilan ma'aikata da shugabannin sandika, nan ne wurin da ya kamata a ga amfaninsu.

In wani ne ya jawo

Sau da yawa hatsarin hanya yana da mai laifi na uku, direban wata mota da ba ruwansa da ma'aikatar. Nan ma'aikaci yana da ƙofa biyu. Kes za ta biya shi abin da doka ta tsara, ba tare da jiran ƙarshen shari'a ba, sannan ta bi mai laifin ko kamfanin inshorarsa ta karɓi abin da ta kashe. Shi kuma ma'aikaci yana da ikon neman cikon asarar da diyyar Kes ba ta rufe ba. Inshorar mota wajibi ce a ƙasarmu bisa dokar CIMA, wadda ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa suka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Kada wani ya ce wa ma'aikaci tunda inshora za ta biya ba sai an sanar da Kes ba. Hanyoyin biyu ba sa hana juna.

Waɗanda ke waje

Babban giɓin tsarin shi ne yawan waɗanda bai kai gare su ba. Mafi yawan masu aiki a Nijar ba su da lambar Kes: yaran mota, yaran shago, ƴan dako, masu aikin gida, direbobin ƴan kasuwa, da ƴan kabu-kabu masu tuƙa babur ɗin wani suna kawo masa kuɗi kowane maraice. Doka ba ta ce sai mai takardar yarjejeniya ne ma'aikaci ba. Duk wanda ke yi wa wani aiki, ƙarƙashin umurninsa, don lada, ma'aikaci ne, ko da baki aka yi maganar. Masu koyon sana'a ma suna cikin kariyar hatsarin aiki. Attajirin Maraɗi da ke aika yaronsa Katsina ko Kano sayen kaya, tafiyar aiki ya tura shi, daidai da yadda kamfani ke tura wakilinsa.

Ba a musun cewa iyayen gida da yawa suna riƙe yaransu da amana, su yi musu aure, su ɗauki jinyarsu. Amma wannan alheri ya dogara ga rai da arzikin mutum ɗaya. In ya karye, ko ya rasu magada suka raba dukiya, gurgun da ya bari ba shi da wurin kai kuka. Amfanin asusu shi ne raba nauyi bisa dubban kafaɗu, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ubangidan da bai rubuta ma'aikacinsa ba kuwa bai tsira ba: Kes tana da ikon binsa bashin duk abin da bai zuba ba haɗe da tara, mai rauni kuma yana iya kai shi gaban sufeton aiki da kotu.

Nauyin da kuɗi ba ya saukewa

Zuba kuɗi a Kes ba izini ba ne na wasa da rayuka. Inda aka tabbatar da laifi marar uzuri a kan ubangida, ana ƙara wa mai rauni diyya, kuma ƙarin a wuyan ubangidan yake komawa. Wanda ya san birkin motarsa ya lalace, ko tayoyinta sun suɗe, ya ce a lallaɓa a je a dawo, da wanda ya tilasta wa direba ya yi Yamai zuwa Damagaram, wajen kilomita 900, ya juyo ba hutu, da wanda ya loda leburori bisa kaya a bayan kamiyo, duk sun san abin da suke yi. Gyaran mota a kan kari, hana tafiyar dare inda ba dole, direba na biyu a doguwar hanya, hular kwano ga duk wanda aka ba babur na aiki, motar ɗaukar ma'aikata ga masana'antun da ke bayan gari: kuɗin waɗannan duka bai kai na rai ɗaya ba. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Ranar 28 ga Afirilu ta kowace shekara duniya ke tunawa da lafiya da tsaro a wurin aiki. Jawabai da tarurruka suna da amfaninsu, amma ma'aunin gaskiya yana cikin littafin Kes: mutum nawa aka rubuta, hatsari nawa aka sanar cikin awa 48. Ga ma'aikaci, ya nemi lambarsa ta Kes tun yau, ya je da kansa ya tabbata ana zuba masa kuɗi, ya kuma nuna wa iyalinsa inda takardun suke. Ga shugabannin ma'aikatu, kada mota ta fita ba takardar umurnin tafiya mai ɗauke da sunan kowa da ke ciki, har da direba. Ga sufetocin aiki, tashoshin mota da kasuwanni su ma wuraren aiki ne, a leƙa su. Wanda kuma ya iya karatu, ya karanta wa wanda bai iya ba, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.